Nasiha ga ɗan'uwan da aiki ya kai Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwana da ma'aikatarku ta tura London ko Birmingham ko Manchester aikin mako biyu ko wata guda, maganata ba a kan aikin take ba. Aikin za ka yi shi, shi ya kai ka. Abin da nake ji maka tsoro shi ne awannin da ke tsakanin ƙarfe biyar na yamma da lokacin barci, sa'ad da aka rufe ofis, iyali na nesa, ɗakin otal shiru, kuma babu wanda ya san sunan mahaifinka a duk unguwar.

A can mashaya ba wurin 'yan iska kaɗai ba ce a idonsu. Nan ake zuwa bayan an tashi aiki, nan manaja yake sakin jiki da na ƙasa da shi, wani lokaci ma nan ake ƙarasa maganar da ba ta ƙare a ɗakin taro ba. Don haka gayyatar za ta zo maka da fara'a da kyakkyawar niyya, ana so a karrama baƙo. Za a ce maka ai akwai lemo, babu mai tilasta ka. Gaskiya ne. To amma ka san al'adarsu ta zagaye: kowa a teburin yana tashi bi da bi ya sayo wa kowa abin sha. Ka sha lemon da wani ya biya, na biyu ya biya, sai layi ya zo kanka. Ko dai ka je ka biya kuɗin giyar mutum biyar ka ɗauko da hannunka, ko ka zauna kana jin kunya. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ce Manzon Allah (SAW) ya la'anci mutum goma game da giya, kuma mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai mai ɗaukarta, da mai shayar da ita, da mai sayenta. Wanda bai kai ɗigo bakinsa ba yana iya faɗawa cikin uku a dare ɗaya. Ga kuma hadisin Jabir: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira, kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Ka faɗa musu tun ranar farko, da sakin fuska, cewa addininka bai yarda ka zauna wurin sha ba. Sun saba da Musulmi, ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan miliyan huɗu a Ingila da Wales. Ka gayyace su shayi ko abincin rana, zumuncin aiki zai ƙullu a can ma. Wahalar tana ga wanda ya bi su daren farko, sannan yake neman hanyar zamewa a na uku.

Kuma Allah da kake wa sujada a gida Shi ne a can. Hadisin Sauban a Ibn Majah yana razana ni: mutane za su zo ranar ƙiyama da ayyuka kamar duwatsun Tihama, a mayar da su ƙura, domin idan suka kaɗaita da abin da Allah ya haramta sai su keta shi. Tafiyar aiki kaɗaici ne mai tsawo, da katin banki a aljihu.

Salla ma sai ka yi mata shiri tun kafin jirgi ya sauka. A watan Yuni magariba a London tana wuce ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka a ofis. A mazhabar Malikiyya, idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ƙasaru ta ƙare, sai ka cika. Masallatai suna nan: babban masallacin Regent's Park, da na Whitechapel a gabashin London, da babban masallacin Birmingham. Yammacin da ka kai can ka yi jam'i ka gaisa da 'yan'uwa, ya cike gurbin da mashaya take neman cikewa.

Sai mu zo ga mai sha'awar aikin hannu, wanda ranar Asabar zai hau jirgin ƙasa zuwa Sheffield, garin da ya yi suna da ƙarfe da wuƙaƙe, ko ya yini a shagunan kayan kafinta yana duba zarto da magagari da guduma. Wallahi wannan na yaba masa. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, Annabi Dawud (AS) kuwa daga aikin hannunsa yake ci. Wanda ya ɓata yammacinsa wurin zaɓen kayan aiki ya tsira daga abubuwa da yawa. Sai dai ido ba ya ƙoshi. Ka sayi abin da ka san hannunka zai taɓa idan ka koma, ba wanda zai yi tsatsa a akwati ba, alhali akwai kuɗin makarantar yara da bashin da ke wuyanka. Fam yana da nauyi idan aka juya shi.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kuɗin da za ka biya da shi. Idan ma'aikata ta ba ka alawus ɗin tafiya ta ce naka ne, ka ci ko ka adana, to halal ne ka sayi kayanka da abin da ya rage. Idan kuwa tsarinsu shi ne ka kawo rasit a biya ka, kada ka cusa rasit ɗin zarto a cikin na abinci da mota, kada kuma ka roƙi mai shago ya rubuta abin da ba shi ka saya ba. Ka ware ambulan biyu tun daga filin jirgi, ɗaya na ofis, ɗaya naka.

Allah ya tsare ka a tafiyarka, ya maido ka ga iyalinka lafiya.