Tikitin da kuka sayar min bai ce ku yar da ni a bakin boda ba

Kwana bakwai kacal aka ba ni hutu, kuma tun bara nake tara kuɗi don in tsallaka ƙasar da ke maƙwabtaka da mu in buɗe ido. Da gangan na ƙi hawa jirgi. So nake in ga ƙasa da idona, garuruwa da gonaki da gadoji, tunda an ce tafiya mabuɗin ilimi. Na je ofishin wani kamfanin motocin safa masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, na biya kuɗina cif, aka miƙo min tikiti mai lambar kujera. An rubuta tashi ƙarfe 6 na safe, isa ƙarfe 8 na dare, awa 14 ke nan. Awa 21 muka yi, kuma wallahi tsawon awannin ba shi ne ya fi ƙona min rai ba.

An ce mu hallara tun biyar da rabi, muka hallara. Sai wajen goma saura mota ta motsa. Duk wannan lokaci muna zaune muna kallon ana ɗura kayan 'yan kasuwa a but, kwalaye da tayoyi da manyan buhuna, har aka rasa inda za a sa jakunkunan fasinja, aka jera su a hanyar tsakiyar kujeru. Banɗakin da aka yi mana talla da shi a hoto, shi ma an cika shi da kwali an kulle. Ba wanda ya taso daga ofis ya ce mana uffan. Da na tambayi kwandasta yaushe za mu tashi, ko kallona bai yi ba ya ce, "Yanzun nan, Malam." Sau uku ina tambaya, sau uku ana ba ni wannan amsa.

Kada wani ya ce min haka tafiyar mota take a ko'ina. A Tarayyar Turai akwai dokar haƙƙin fasinjan bas da ta fara aiki a 2013. Idan tafiyar ta kai kilomita 250 kuma aka yi jinkirin tashi sama da minti 120, dole kamfani ya ba fasinja zaɓi, ko a mayar masa da kuɗinsa ko a nema masa wata hanyar isa. Mutane ne suka zauna suka ga cewa lokacin matafiyi yana da daraja. Mu an cinye mana kusan awa huɗu, ko "yi haƙuri" ba mu samu ba.

Amma duk wannan somin-taɓi ne. A kan iyaka na gane matsayinmu a wurin kamfanin nan.

Muna dab da isa, kwandasta ya bi kujera-kujera yana karɓar fasfo yana zubawa a wata baƙar leda, kuma kowane fasfo sai an haɗa masa da kuɗi, wai na hatimi. Na ce a ba ni rasit. Ya yi min wani kallo ya ce, "Malam, in ba kwana kake so ka yi a nan ba, kawo kawai." To kuɗin mene ne? Wanda ƙasarsa ke buƙatar biza ya riga ya biya a ofishin jakadanci tun kafin ya baro gida. Wanda kuma yarjejeniya ta yafe masa, me zai biya? Ƙasashen ECOWAS tun 1979 suka sa hannu a Dakar cewa ɗan ƙasa ɗaya zai iya shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Schengen kuwa tun 1995 suka fara ɗauke binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu. Babu inda aka rubuta cewa yaron mota zai tara kuɗi a leda. Har yau ban san nawa ya shiga hannun jami'ai ba, nawa ya tsaya a aljihunsa. Abin da na sani shi ne fasfona, takardar da ta fi komai muhimmanci gare ni a ƙasar mutane, ya yi fiye da awa guda a hannun mutumin da ko sunansa ban sani ba.

Sai teburin lafiya. Na miƙa katin rigakafin shawara, jami'in ya juya shi ya ce ya ƙare aiki, wai shekara goma ta wuce. Na ce, "Yallaɓai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza wannan ƙa'ida tun watan Yulin 2016. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma dokar ta haɗa da tsofaffin katuna." Ya ajiye katin a gefe ya kira na bayana. Na waiga ina neman kwandasta, mutumin da ke bin hanyar nan kowane mako, wanda ya san gaskiyar maganata sarai. Yana tsaye yana danna waya. Da na matsa masa sai ya ce, "Ba ruwan kamfani da takardunka." Na biya. Har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, domin da gaskiyata na biya.

Daga nan 'yan kwastan suka ce a sauke duk abin da ke but. Kayan da ba namu ba, kayan da suka jawo mana makara da safe, su ne suka sake tsayar da mu kusan awa huɗu. Muna tsaye a fili, ba wurin zama, layin waya ya ɗauke tun da muka tsallaka, 'yan canji sun kewaye mu da farashin da suka ga dama don sun san ba mu da wani zaɓi. Ni da na biya kuɗin kujera, me ya haɗa ni da tayoyin wani?

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa wata tsohuwa ce. Tana kujerar gabana da jikanta, yaro ɗan kimanin shekara takwas, tun safe yake leƙen taga yana tambayarta sunan kowane gari. Jami'an shige da fice suka nemi takardar amincewar iyayen yaron, ba ta da ita. Ban ga laifinsu a nan ba, safarar yara gaskiya ce, kuma aikinsu ne su tambaya. Laifin na wanda ya karɓi kuɗin tikiti biyu a hannunta ne bai buɗe baki ya ce, "Iya, kina da takarda kaza?" ba. Tambayar da ba za ta ci minti ɗaya ba.

Da kwastan suka gama, direba ya tada mota ya hau danna ham. Tsohuwar ta riƙe ƙofa tana cewa, "Ɗana, don Allah kada ku bar ni a nan, ban san kowa ba." Muka taso da hayaniya, wasu suka ce a jira a kira iyayen yaron, wata mata ta ce a ba ta minti goma ta nemo waya mai layin ƙasar. Kwandasta ya jawo jakar tsohuwar daga tsakiyar kujeru ya dire mata a ƙasa. Da yawa daga cikin fasinja sun gaji, suka yi shiru, kowa tasa ta fisshe shi. Mota ta ja. Na ga yaron a hasken fitilar baya, rungume da ledar kayansa, yana bin mu da ido. Duhu ya riga ya yi.

Sauran hanyar da tsoro muka yi ta. Direba ɗaya ne tun safe, ba mai canjinsa. Daga inda nake ina ganinsa yana zuge gilas yana marin fuskarsa don kada gyangyaɗi ya kwashe shi. A Turai doka ta ce direba ba zai wuce awa huɗu da rabi a kan sitiyari ba sai ya huta minti 45, kuma tuƙinsa na yini awa 9 ne a ƙa'ida. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Kamfanin da ya cika mota da fasinja da kaya har banɗaki, shi ne ya kasa biyan direba na biyu? Rayukan mutum sama da arba'in a hannun bawan Allah ɗaya da idonsa ke rufewa!

Ƙarfe 3 na dare aka sauke mu, a wani garejinsu da ke bayan gari, ba tashar da aka rubuta a tikiti ba. Otal ɗin da na kama sun ba wani ɗakina tunda ban iso ba kuma ba su same ni a waya ba. Ranar farko ta hutuna a barci da ciwon baya ta tafi.

Kashegari na nemi ofishinsu na garin. Na zayyana wa ma'aikacin komai, jinkiri, kuɗin da aka karɓa ba rasit, direban da ba ya da mai canji. Ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji, haka hanya take." Na ce a mayar min da kuɗin tikitin dawowa, ya ce ba a mayarwa. Na ce to na bar wannan, tsohuwar da kuka bari a boda da yaro fa, an san halin da take ciki? Ya jawo takardar jerin sunayen fasinja, ya bi da yatsa har kujerar da ke gaban tawa. An sa wa sunanta da na jikanta alamar cewa sun iso lafiya.