Tanis: Labarin Tiafoe da rabin da ake ɓoyewa

Tun da ɗan wasan tanis na Amurka Frances Tiafoe ya sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar US Open ta 2024, ake ta yawo da labarinsa a Facebook da zaurukan WhatsApp na nan Sakkwato, ana kafa hujja da shi cewa talauci ba ya hana yaro zama zakara. Maganar tana ɓata mini rai, domin masu yin ta sun ɗauki rabin labarin sun zubar da sauran.

Gaskiya ne iyayensa sun fito daga Saliyo ba su da komai. Amma mahaifinsa shi ne mai kula da harabar wata cibiyar horar da matasan 'yan tanis a College Park da ke jihar Maryland, har yaron da ɗan tagwaicinsa sukan kwana a can. Abin da masu hali ke biya da dala, wato fili da koci da abokan karawa kullum, shi a bakin ƙofa ya tarar da shi. A wannan gasar dai, Jessica Pegula da ta kai wasan ƙarshe ɗiyar attajirin da ya mallaki Buffalo Bills ce, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Emma Navarro da ta kai na kusa da shi ɗiyar hamshaƙin attajiri ce. Casper Ruud da Alexander Zverev kuwa gado suka yi, iyayensu maza ƙwararrun 'yan wasa ne.

Dalilin a fili yake. Gasannin matasa na hukumar tanis ta duniya, daga ƙaramin mataki na J30 zuwa babba na J500, maki ake tarawa a cikinsu, ba a ba da kyautar kuɗi, kuma yaro ba ya hawa jadawalin duniya sai ya yi ta bin ƙasashe, galibi uba na biyan jirgi da biza da albashin koci shekara da shekaru. Masu cewa himma ce kawai ta rage ba su taɓa tambayar farashin raket ɗaya ba.

Na sha tsayawa bayan la'asar a wani filin tanis a garin nan ina kallon wani yaro sanye da silifas yana tsintar wa manya ƙwallo. Da sun zauna shan ruwa sai ya ɗauki raket a sace, ya buga biyu ko uku a jikin bango da hannu mai kyau ƙwarai, kafin a daka masa tsawa ya ajiye. Wannan yaron ne ake so a ce wa ya yi koyi da Tiafoe? Kunya ma ta isa ta hana.

Ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon tun 1983, kuma sai da ya samu karatu da horo a Amurka kafin nan. In da gaske muke, gwamnatin jiha da attajiranmu su gina filaye a makarantun gwamnati, su kuma ɗauki nauyin koci, a bar masu tsintar ƙwallo su riƙa buga wasa da safe kafin rana ta take.