Motar da ke tafiya da ruwa: direbobin Tahoua, ku riƙe kuɗinku

Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ruwa-ruwa, wato man sumoga da ke shigo mana ta Konni, ya daina araha. Sai ga ƙarancin esansi na watan Maris ɗin 2025, lokacin da mutane suka yi ta wuni a layin gidajen mai. Don haka ban ga laifin direban taksi ko ɗan kabu-kabun da ya ga bidiyo a Facebook, an nuna masa kwalba tana kumfa, an ce da ita mota za ta riƙa shan ruwa, ya ji ransa ya biya ba. Wanda mai ke cinye rabin cinikinsa, duk abin da aka ce zai rage masa, zai saurara. Shi ya sa abin ke ci mini rai, don talaka ake yi wa wannan tallar.

Na ga irin kwalbar da idona a wani gareji. Faifan ƙarfe ne aka jera a ciki, aka zuba ruwa da ƴar soda irin ta masu haɗa sabulu, aka ja waya biyu zuwa batir, sai tiyo da ya nufi inda inji ke shaƙar iska. Yaron da ya haɗa ta yana da basira, wallahi. Kumfar kuma gaskiya ce: lantarki ne ke raba ruwa zuwa iska iri biyu, haidurojin da oksijin, kuma haidurojin na cin wuta sosai.

To amma lantarkin daga ina? Daga batir. Batir kuma dinamo ke cika shi, dinamo inji ke juya shi, inji kuwa esansinka yake sha. Injin mota kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin mai a zafi yake zubar da shi. Dinamo ma ya yi tasa asarar, kwalbar ta ɗauki zafi ta yi tata. Ruwa dai tokar haidurojin ne, abin da ya rage bayan ya riga ya ƙone. Kafin ka mai da shi abin ƙonawa sai ka biya duk ƙarfin da ya fitar tun farko, har da ƙari.

Mu yi lissafi. Kilo 1 na haidurojin ƙarfinsa ya kai na esansi kusan lita 4. Ko a manyan masana'antu, ana cin wutar kilowat 50 na tsawon awa guda kafin a samu wannan kilon. Kwalbar da ke jan amfiya 20 daga batir mai bolt 12, wat 240 ke nan. Sai ta yi aiki sama da awa 200 kafin ta tara abin da ya kai lita 4, alhali duk tsawon lokacin inji na shan mai don ya ciyar da ita.

Wani zai ce mini: «Malam, ni na sa, kuma na ga sauƙi.» Ban ƙaryata ka ba, ɗan uwa. Amma ranar da aka sa maka ita, ba a wanke buji ba? Ba a canza matatar iska ba? Kai ma tun daga ranar ba ka sassauta ƙafa a kan totur ba? Ka cika tanki, ka je Konni ka dawo da kwalbar a kunne, ka sake cikawa ka rubuta lita. Wata rana ka yi tafiyar da kaya iri ɗaya, kwalbar a kashe. Lambobin za su raba gardama.

Wannan zance ba yau aka fara shi ba. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi shekaru yana cewa motarsa da ruwa take tafiya. A 1996 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba, ta ce ya mayar wa mutum biyu kuɗin da suka zuba. Motar haidurojin ta gaskiya akwai ta, kamar Toyota Mirai da ta fito a 2014, sai dai ita iskar da aka sarrafa a masana'anta ake ɗura mata, a tankin da ke riƙe matsin bar 700. Tayar motarka bar 2 da ɗan abu take ɗauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗarin. A cikin kwalbar nan haidurojin da oksijin a cakuɗe suke, tartsatsi ɗaya ya ishe su. A ƙauyen Bourakébougou na Mali, a 1987, masu haƙa rijiya sun ci karo da haidurojin a ƙarƙashin ƙasa, sigari ɗaya ya tayar da wutar da ta ƙone mutum. Can a fili ke nan. Ina ga kwalbar gilashi a ƙarƙashin murfin inji, cikin zafin watan Afrilu, cike da ruwan soda mai makantar da ido?

Iyayen gidanmu masu gareji, don Allah ku hana yaranku toshe bakin kwalbar nan ko kusantar ta da ashana don gwaji. Yaron da ya iya haɗa ta zai iya haɗa faifan sola da famfon ban ruwa, kuma masu albasar Galmi na biyan wanda ya iya wannan aikin.