Ɗaliban fiziks da falaki, kada ku jira aji huɗu

Wani ɗalibi ɗan aji biyu a sashen fiziks ya turo min saƙo cikin makon nan, wai yana tunanin sauya kwas. Dalilansa biyu: lissafi ya sha masa kai, kuma sashensu ba shi da na'urar hangen nesa ko ɗaya, alhali son sanin sararin samaniya ne ya kawo shi. Na ba shi amsa shi kaɗai, amma maganar ta tsaya min a rai, don na san akwai irinsa da yawa. Bari in faɗa kowa ya ji.

Ƙanena, rashin na'urar nan bai tare maka hanya ba. Yawancin masu binciken falaki a yau a gaban kwamfuta suke wuni. Manyan na'urorin suna can kan duwatsun Chile da Hawayi, wasu suna shawagi a sama, kuma da yawa daga abin da suke tarawa ana sakinsa kyauta ga duk mai intanet. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai ya fitar da bayanan taurari kusan biliyan 1.8 a 2022. Girgizar sararin da na'urar LIGO da ke Amurka ta kama ranar 14 ga Satumba 2015, daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu (wurare a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa ƙarfin jansu), tana nan a buɗe, kowa na iya saukewa ya duba. Haka bayanan TESS, kumbon da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 2018 don farautar duniyoyin da ke kewaya wasu taurari.

A kan TESS nake so in daɗe, domin aikinsa ɗan aji biyu zai iya shi. Idan duniya ta gitta ta gaban tauraronta, hasken da ke iso mana yakan ɗan ragu, ya dawo, ya sake raguwa idan ta kewayo. Girman raguwar shi ke faɗa maka girman duniyar. Faɗin duniyar Jufita kusan kashi ɗaya cikin goma ne na faɗin Rana, saboda haka idan ta gitta takan tare kusan kashi ɗaya cikin ɗari na hasken. Abin da tamu duniyar take tarewa bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu goma ba. Tazarar da ke tsakanin raguwa da raguwa ita ce tsawon shekararta, kuma daga nan dokar Kepler ta uku, mai haɗa tsawon shekarar duniya da nisanta da tauraronta, za ta ba ka nisanta da tauraron. Dokar nan da ka haddace don jarrabawa ka manta, ga ta tana auna maka wata duniya! A 2019 wani yaro ɗan sakandare mai shekara 17, Wolf Cukier, ya je koyon aiki a cibiyar Goddard ta NASA, a kwanansa na uku ya lura da irin wannan raguwa, ta zama duniyar da ake kira TOI 1338 b, mai kewaya taurari biyu. Ba ina cewa kowa zai tsinci duniya ba ne. Ina cewa aikin haƙuri ne da sa ido, kamar yadda Jocelyn Bell, tana ɗalibar digirin digirgir a Kambirij a 1967, ta ƙi kau da kai daga wani ɗan tabo a kan doguwar takardar na'urarta, har ya tabbata sabon nau'in tauraro ne mai bugawa kamar zuciya.

Game da lissafi kuwa ba zan yaudare ka ba, babu hanyar kewaye shi. Amma ka duba yadda kake karanta shi. Mai karanta fiziks kamar labari, ya bi misalin malami da ido ya ce ya gane, ranar jarrabawa zai ga bai gane ba. Sai ka ɗauki biro ka yi ta fama da tambaya, ka kasa, ka kwana da ita, ka kai wa abokai uku ku yi gardama a gaban allo. Sannan ka koyi Python, harshen ba kwamfuta umarni da ake sarrafa irin waɗannan bayanai da shi, tun yanzu, ko da awa ɗaya ce a rana.

Ni sai da na shiga shekarar ƙarshe na fara ƙwanƙwasa ƙofar malami in tambaye shi abin da yake bincike a kai, kuma har yau ina jin zafin shekaru ukun da suka wuce ni. Kunya ce ta hana ni, ina ganin ban isa ba. Ashe kura da ta san gidan mai babbar sanda ma ba ta kai ni tsoro ba, alhali mutumin nan jira yake wani ya nuna sha'awa. Ku kuma malamanmu, don Allah ku bar ƙofa a buɗe. Ƙaramin aiki ɗaya da za ku miƙa wa ɗan aji biyu yana iya riƙe shi a fannin nan har abada.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar malami. CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Jeniba, tana ɗaukar ɗalibai aikin bazara na wata biyu zuwa uku, har da waɗanda ƙasashensu ba mambobi ba ne. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya bayan digiri ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka da ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana ba da digiri na biyu da cikakken tallafi. Ana kuma gina SKA, katafariyar na'urar falaki ta rediyo, a Afirka ta Kudu da Ostireliya, za ta buƙaci hannaye masu iya sarrafa bayanai. Kusan duk ƙofofin nan takardar shaida daga malami suke nema. Malamin da bai san ka ba sai ta lambar jarrabawa, layi biyu zai rubuta. Wanda ka yi wata shida kana kai masa zanen hasken tauraro, kuna gyara kuskurenka tare, shi zai cika shafi da abin da ya gani da idonsa, kuma masu tantancewa sun san bambancin.

Masu tambayar wane aiki za a samu da fiziks, ba kowa zai zama farfesa ba, kuma ba laifi. Tim Berners-Lee fiziks ya karanta a Oksfod, a CERN kuma ya tsara yanar gizo a 1989.

Shi ɗalibin nan na ce masa ya dakata da sauya kwas har ƙarshen zangon nan. Ya zaɓi tauraro ɗaya da aka riga aka san yana da duniya, ya sauke bayanansa na TESS, ya zana hasken da kansa, ya auna raguwar, ya kwatanta da abin da aka wallafa, sannan ya kai wa malamin da ya fi sakin jiki da shi. Ya ce zai fara ranar Asabar.