Ba saniya ba ce dabbar ƙasar Indiya

Mutane da yawa sun ɗauka saniya ce dabbar ƙasar Indiya, saboda yadda mabiya addinin Hindu ke girmama ta har ta kwanta a tsakiyar titi motoci na kauce mata. Wannan girmamawa ta addini ce. Dabbar da gwamnati ta zaɓa ita ce damisar Bengal, mai jan jiki da baƙaƙen ratsi. A da zaki ne, sai aka sauya a farkon shekarun 1970, lokacin da farauta ta kusa ƙarar da damisa, aka kuma kafa shirin kare ta a 1973. A ganina sauyin ya dace: zakin Indiya bai wuce yankin dajin Gir a Gujarat ba, damisa kuwa tana jihohi da dama.