Tsohon nan mara haƙori na finafinan kaboyi

Jiya da daddare NEPA ta yi abin da ta saba, zafi ya hana ni barci, sai na kunna Rio Bravo a waya, fim ɗin 1959 da na kalla ya fi sau biyar. Sai yanzu da girma ya fara kama ni na gane ashe duk shekarun nan ba John Wayne nake kallo ba, tsohon nan gurgu mai gadin kurkuku nake jira ya fito, Stumpy, mai mita kamar kakar da aka ɓoye wa goro. Da yawanku kun san fuskarsa amma in na ce ku faɗi sunansa sai dai a yi zuru. Walter Brennan ne sunansa.

Mu dai yadda muka taso da kallo, mutum biyu ne a fim, akta da bos. Sauran duk 'yan rakiya ne. To wannan ɗan rakiyar shi ne ɗan wasan fim na farko da ya ci kyautar Oscar har uku, kuma cikin shekara biyar: Come and Get It na 1936, Kentucky na 1938, sai The Westerner na 1940. Shi ma ya fara cin kyautar mataimakin jarumi da aka ƙirƙiro ta, lokacin ma ba a ba su ɗan gunkin zinaren nan, wani allo ake miƙa musu a ce su yi haƙuri da shi. John Wayne da ake rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a fosta guda ɗaya tak ya samu, shi ma sai da ya haura sittin.

An haife shi 1894 a garin Lynn na jihar Massachusetts, ya je yaƙin duniya na ɗaya a Faransa, ya dawo ya shiga harkar saye da sayar da filaye a Los Angeles, kasuwa ta rufta da shi ya koma ba ko sisi. Talauci ne ya kai shi bakin ƙofar masu fim, yana shiga cikin 'yan cika taro, waɗanda ake ce wa ku tsaya can baya ku yi kamar kuna hira. Kusan shekara goma yana wannan gaganiya. Sai kuma ya yi hatsari ya rasa yawancin haƙoransa tun bai kai arba'in ba, ga gashi ya zube ga rama ga murya kamar ta tsohon zakara. Wani da ya tattara ya bar garin. Shi kuwa sai ya mayar da giɓin jari, in ya sa haƙoran roba ya fito a alƙali ko mai kuɗi, in ya zare su ya zama tsoho tukuf, yana da shekara arba'in da ɗoriya yana fitowa a sa'an kakansa.

A Red River na 1948 ma har wasa aka yi da abin. Shi ne kuku na ayarin masu kora shanu, ya zauna karta ya sa haƙoransa a caca aka cinye, to wanda ya ci ba ya ba shi sai lokacin cin abinci, yana gamawa ya karɓe kayansa. Wallahi duk sanda na zo wurin sai na mayar baya. Amma abin da ya fi burge ni ba dariyar ba ce, a fim ɗin kusan kowa tsoron John Wayne yake in ya hau dokin zuciya, amma wannan tsohon yana iya kallon idonsa ya gaya masa bai kyauta ba. Cire shi ka gani, abin da zai rage mutum ne kawai yana ta zare ido a kan doki.

Kada kuma a ɗauka ɗan barkwanci ne kurum. Ku nemi My Darling Clementine na 1946, shi ne tsoho Clanton, uban ɓarayin shanu da ke zane 'ya'yansa ƙatti da bulala, ba murmushi ba wasa. Har sai da na duba sunaye don na tabbatar mutum ɗaya ne.

Akwai masu cewa Oscar ɗin nasa da lauje cikin naɗi, wai lokacin 'yan cika taro na da ƙuri'a, su kuma nasu suke zaɓa tunda daga cikinsu ya fito. To ko da haka ne ni ban ga laifi ba, su da suke wuni a rana suna kallon kowa na aiki ai sun fi kowa sanin wa ya iya. Na Kentucky dai zan iya yarda an ɗan yi kara, amma na The Westerner ko maƙiyinsa ya san ya ci halaliyarsa, Gary Cooper ne jarumi amma alƙalin nan Roy Bean da ke rataye mutane a mashayarsa shi ya kwashe fim ɗin kaf.

Da finafinan suka fara ja baya ya koma talabijin, The Real McCoys daga 1957 zuwa 1963, nan ma kaka ne mai ɗingishi. Ya rasu 1974 a Kalifoniya yana da 80, wato ya yi kusan shekara arba'in yana tsufan ƙarya kafin na gaskiya ya same shi. Wanda ke da Come and Get It mai kyawun hoto don Allah ya turo min, wanda na samu duk dishi-dishi ne.