Shafin ƙarshe na takardar labaran masu shanu

Kusan duk wata ƙungiyar masu kiwon shanu ko cibiyar binciken dabbobi tana da takardar labarai da take fitarwa, wasu wata-wata, wasu bayan wata uku. Tsarinsu kusan ɗaya ne. A gaba akwai sakamakon bincike: an gwada wata ciyawa, an auna nauyin maruƙa lokacin yaye, an duba wane maganin kaska ne har yanzu yake ci. Can ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe, sai labarin ma'aikata: wane ya yi ritaya, wance an sauya mata wurin aiki, an ɗauki sabon malamin dabbobi. Yawancin masu karatu daga nan suke ninke takardar su ajiye. Ni daga nan nake fara karatu, kuma ina ganin duk mai garke ya kamata ya yi haka, domin wannan ɗan shafin shi ke nuna ko binciken da aka buga a gaba zai kammalu, kuma ko zai taɓa isa wurin shanu.

Dalili na farko yana jikin saniyar kanta. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 283. Karsanar da ta samu abinci sosai takan yi haihuwar fari tana shekara 2, wadda ta dogara da kiwon daji kaɗai takan kai 3 ko 4. Idan mai bincike ya zaɓi bijimi yau yana son ya san ko 'ya'yansa mata za su fi ba da nono, sai ya jira a yi barbara, a haihu, karsanar ta girma, ita ma ta haihu, sannan a tatse ta har nonon ya ɗauke. Kafin ya samu abin faɗa, shekara huɗu ko biyar ta tafi. Mai binciken kaji yana ganin jikokin kajinsa a cikin shekara guda, mai binciken shanu kuwa yakan yi furfura a kan garke ɗaya. Su kuma masu ba da kuɗin bincike sun fi son shirin shekara uku zuwa biyar, ma'aikaci mai hazaƙa ma da wuya ya daɗe haka a wuri ɗaya ba a ɗauke shi ba. Saboda haka duk sanda aka rubuta cewa wani ya bar aiki, abin tambaya shi ne: wane gwaji ne ya bari a tsakiya, kuma a hannun wa?

Wuraren da suka yi suna a wannan fage, idan ka bi tarihinsu, juriyar mutane za ka tarar a ƙarƙashi. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila akwai filin ciyawa da John Lawes da Henry Gilbert suka fara gwajin taki a kansa a 1856, kuma har yau ana yanka ana aunawa. Mutanen nan biyu shekara 57 suka yi suna aiki tare, waɗanda suka gaje su kuma suka ci gaba da adana samfurin ƙasa da na ciyawa. A Miles City ta jihar Montana a Amurka, wata tashar bincike ta gwamnati ta ware garken shanu irin Hereford tun 1934, ba a shigo musu da baƙon jini, ana rubuta tarihin kowace dabba. Da masana suka tashi karanta dukan ƙwayoyin halittar saniya, aikin da aka buga a 2009, daga wannan garken suka ɗauko saniyar da suka yi amfani da ita. Waɗanda suka kafa garken ba su ma san da irin wannan ilimi ba. Abin da suka yi kawai, kowa ya miƙa wa na bayansa littafi cikakke.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Wambiana, wata gonar kiwon shanu a arewacin jihar Queensland ta Ostareliya. A 1997 aka fara gwada wata tambaya da kowane mai shanu ya san ta: cika fili da shanu ya fi riba, ko a sa daidai abin da ciyawa za ta ɗauka? A shekarun farko ruwa ya yi kyau, filin da aka cika maƙil shi ne ya fi kawo kuɗi. Sai fari ya zo. Ciyawar filin ta ƙare, aka koma sayen abinci, ribar ta zube, ƙasar ma ta lalace. Da aka haɗa lissafin shekaru masu yawa, matsakaicin adadi ne ya yi nasara, a aljihu da kuma a fili. Yanzu a ce kuɗin ya ƙare a shekara ta huɗu, ko jagoran aikin ya tafi ba magaji. Da takardar labarai ta buga wa makiyaya shawarar da za ta kashe musu filin kiwo, kuma da babu wanda zai ce masu binciken sun yi ƙarya, don abin da suka gani ke nan.

Wannan a ɓangaren samar da ilimin ke nan. Ɓangaren kai shi ga garke ya fi tsanani, kuma babu inda ya fito fili kamar a tarihin ciwon bushiya. Annobar ta shigo Afirka ta tashar ruwan Massawa, da ke Eritiriya ta yau, a 1887, cikin shanun da aka kawo wa sojojin Italiya, kafin shekara goma ta kai har kudancin nahiyar, a wurare da yawa ta kashe shanu takwas ko tara cikin goma. Ɓullarta a Beljiyam a 1920 ce ta kai ga kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a 1924. Wajen 1960 wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya samar da allurar rigakafi mai arha wadda sau ɗaya ake yi ta kare dabba har ƙarshen rayuwarta. A kimiyyance an gama magana ke nan. Daga 1962 aka fara gagarumin gangamin allura daga yankin Tafkin Chadi, ya bazu ƙasashe sama da 20, aka yi wa miliyoyin shanu, cutar ta kusan ɓacewa. A 1976 shirin ya ƙare. Ayarin masu allura suka watse, motoci suka tsaya, aka daina bin maruƙan da ake haifa, aka daina sa ido. Cutar da ta laɓe a 'yan wurare kaɗan ta sake tasowa a farkon shekarun 1980 ta ratsa nahiyar daga gabas da yamma. Allurar ita ce dai ta da, ba abin da ya same ta. Mutanen da ke riƙe sirinji ne babu.

Da aka sake ɗaura ɗamara daga 1986, abu biyu suka sauya. Wani mai bincike ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gyara allurar ta yadda za ta yi wajen wata guda ba firji, don haka ana iya ɗaukarta a ƙafa ko a kan raƙumi. Na biyun kuma, a wurare irin su Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, inda ayarin gwamnati ba ya iya shiga, aka koyar da makiyaya daga cikin jama'ar su yi allurar da kansu. Likitoci suka koyi zama da dattawan garke suna tambayarsu wace cuta suka gani, yaushe, ta ina ta biyo, da sunan da su suke kiranta. Da wannan bayanin aka gano sauran maɓoyar cutar. An ga ta ƙarshe a 2001 a cikin ɓauna a Kenya, a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da aka kawar bayan agana. Plowright ya rasu a 2010, bai ji shelar ba. Shekara hamsin tsakanin samun magani da gama aiki, kuma mafi yawan jinkirin maganar wane ne ke wurin ce, da kuma ko makiyaya sun yarda da shi.

Yarda kuwa ba a rubuta ta a takardar kama aiki. Mai shanu ba ya son baƙo ya ƙirga masa garke, kuma yana da dalili, don sau da yawa a tarihi ƙirge haraji yake jawowa. Ba zai gaya wa wanda bai sani ba cewa shanunsa uku sun yi ɓari a bana, ko cewa ya ninka awon magani saboda na farko bai yi aiki ba. Malamin da ya shekara bakwai yana zuwa, ya san wace saniya ce uwar wace, ya tsaya har tsakar dare kan haihuwar da ta gagara, shi ake gaya wa wannan. Ranar da aka ɗauke shi, abin da ya sani ya tafi da shi, sabon da ya zo kuma sai ya fara daga sallama. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma hukumomi da yawa suna sauya ma'aikatan karkara kamar kowa daidai yake da kowa muddin takardar shaidarsu iri ɗaya ce.

Na san abin da za a ce. Yanzu akwai waya, akwai intanet, mai shanu yana iya ɗaukar hoton dabbarsa ya tura, yana iya kallon bidiyon yadda ake haɗa abinci. Gaskiya ne, kuma ina murna da shi, musamman ga gargaɗin ɓullar cuta da hasashen ruwan sama. Amma ɗauki maganar kaska. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa kaska tana sabawa da maganin da aka daɗe ana wanka da shi har ya daina kashe ta. Saƙon waya zai iya faɗa maka haka. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zo ya ga ko naka maganin ne ya daina ci, ko ruwa kake cika masa, ko famfon feshinka ne ba ya kai wa ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne. Ukun nan alamarsu ɗaya, gyaransu daban. Haka maganin tsutsar ciki yake. Gani ya kori ji, kuma sai da ƙafa ake zuwa gani.

Akwai kuma ƙorafi na biyu, wanda na fi yarda da shi: cewa shafin ma'aikata yakan zama dandalin yabon kai, wane ya samu ƙarin girma, wane ya halarci taro a ƙasar waje, ga hotonsa da lambar yabo. Idan haka ake rubuta shi, mai garke bai yi laifi ba da ya tsallake. Laifin na masu rubutun ne, da suke rubuta wa shugabanninsu maimakon masu shanu. Labarin tafiyar ma'aikaci yana da amfani ne idan ya faɗi aikin da ke hannunsa, wanda zai karɓa, ranar da zai fara, da inda za a same shi. Idan kuwa ba a samu magaji ba, a faɗa ƙarara cewa kujerar tana nan babu kowa. Wannan shi ne labarin da hukumomi suka fi ƙin bugawa, kuma shi ne masu shanu suka fi buƙata, domin da shi ne ƙungiyarsu za ta iya zuwa ta matsa wa mai yanke hukunci tun kafin lokacin allura ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shafin binciken ma yana da nasa gyaran. Ina so in ga shekara nawa aka yi ana gwajin, a kan dabbobi nawa, da kuma yadda damina ta kasance a waɗannan shekarun. Ina so in ga aikin hannu nawa sabuwar dabarar ke ci, don abin da ma'aikata goma ke yi a tashar bincike, a gida mutum ɗaya da 'ya'yansa ne za su yi shi. Abin da aka gwada bai yi ba shi ma a buga, ko da layi uku ne, don kada wani ya sake zuba dukiyarsa a rami ɗaya. A ƙarƙashin kowane rahoto kuma a sa sunan wanda za a tambaya, mutumin da zai ɗaga waya, ba sunan sashe ba.

Akwai rukunin ma'aikatan da kusan ba a taɓa ambata a waɗannan takardu: mai kula da garken tashar, mai riƙe da littafin haihuwa da nauyi, mai ɗibar jini, mai duba firjin allura da asuba. Babban masani yana iya tafiya a samu wani ya karanta rubuce-rubucensa ya ɗora. Amma wanda ya san cewa lambar kunnen wata saniya ta faɗi shekara shida da suka wuce aka sa mata wata, idan ya yi ritaya ba a zauna da shi ba, lissafin zuriyar garken duka ya shiga shakka. Kafin irin wannan mutum ya tafi, a ba shi wata uku ko huɗu tare da magajinsa, su zaga garken dabba bayan dabba da littafi a hannu, kuma takardar labarai ta buga sunayensu su biyun tare da ranar miƙa aikin.